Kowa da allonsa

Har yau ina mamakin yaron nan mai kaushin ƙafa, wai shi ne ni. Da an sallame magariba a Korgom zai saɓa karan dawa biyu na wutar karatu, ya rungumi allo, ya tafi ya durƙusa cikin sauran kolaye, hayaƙi na shiga ido, warin tawadar da aka dafa da zuge da ƙaro na manne a yatsu har washegari. Na damansa yana babbaƙu, na hagunsa ya kai Sabbi, can gefe wani gardi yana tilawa idonsa rufe, kowa na rera nasa da iya ƙarfin maƙogwaro, amma ba wanda ya shiga karatun wani. Ba a jiran kowa. In ka iya, ka je gaban Malam ka biya, ya ce a wanke, ka sha ruwan allon, a yi maka ƙari. In ba ka iya ba, allonka zai kwana bakwai da tsohon rubutu har tawadar ta fara ɓamɓarewa, kuma Malam ya sani, don ko yana gyangyaɗi da dorina bisa cinya, kunnensa na rarrabe muryar da ta yi shiru.

Lakkwal kuwa kiɗa ɗaya ce. Mushe ya buga tebur, a ɗaga ardwaz tare, a sauke tare, wanda bai gama ba ya goge da miyau da bakin riga ya bi sahu.

Baba ma yana da nasa salon karatun biyu. Da azumi yakan shanya batir a rana tun hantsi don kada akwatin rediyo ya mutu lokacin tafsirin Malam Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna, ya zauna bisa buzu, ba mai ikon ko tari, don abin da ya wuce ya wuce. Daga baya wani ɗan ci-rani ya kawo masa rakoda da kaset-kaset, ni ne mai juya zaren da bik in ya sarƙe. Sai ga shi yana tsayar da malami tsakiyar aya ya je ya ba tumaki harawa. Kaset ɗin sun yi ƙura cikin adaka, amma sa'ar rediyo bai taɓa bari ta kuɓuce masa ba har Malam Gumi ya rasu a 1992.

Su na tuna a 2020, da korona ta sa aka rufe makarantu, na shiga wani kwas ta intanet daga Tasawa. Akwai darussa da aka naɗa aka turo ta WhatsApp, ka saurara sanda ka ga dama, ka koma baya sau goma ba mai tsaki. Wannan ya dace da mai gona, da mai jiran caji, da wanda rezo ke zo masa sai tsakar dare. Da farko na ce ai karatun allo ne ya dawo cikin salula. Ashe da saura, tunda in na bari kwana biyar ba wanda zai ji muryata ta ɗauke.

Ɗaya darasin kuwa kai tsaye ne ta Zoom, yana cin kredi, hoto na daskarewa, rabin magana na ɓacewa a iska. Duk da haka shi nake yi wa wanka in sa hula. Malamar 'yar cikina ce a shekaru, amma in ta ce, “Mushe, kana ji na?” sai in samu kaina na gyara zama.