Dutsen Tubkal: Bazara A Gindi, Hunturu A Bisa

A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin bazara ke korar mutanen Kano da Sakkwato zuwa kwanan waje, akwai wani wuri a nan nahiyarmu ta Afirka inda mutum kan nutse cikin dusar ƙanƙara har cinya. Wannan wuri kuwa shi ne dutsen Tubkal na ƙasar Maroko, wanda ya fi dukkan duwatsun Afirka ta Arewa tsawo. Tsawonsa mita 4,167 ne. Domin mai karatu ya kwatanta, dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ba shi da na biyu a Nijeriya, mita 2,419 ne kawai.

Mai niyyar hawa yakan taso daga birnin Marrakesh cikin mota, tafiyar kamar kilomita 65, ya sauka a ƙauyen Imlil da ke gindin dutsen. A nan ne baƙo ke ruɗuwa. Zai tarar da itatuwan tuffa sun yi fure, rafi yana gudu, yara suna wasa cikin rana. Sai ya ce a ransa ai sanyi ya wuce. Ina! Ruwan nan da yake gani yana gudu, ƙanƙarar bisa ce ta fara narkewa, mafi yawanta kuwa tana nan jibge. Masana sun ce duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kamar digiri 6 da rabi. Ashe ke nan ana iya shan inuwa a Marrakesh alhali ruwa yana daskarewa a ƙolin dutsen.

Daga Imlil sai tafiyar ƙasa, alfadarai na ɗauke da kaya. Hanya takan bi ta ƙauyen Arumd, ta wuce hubbaren Sidi Shamharush, inda ake ganin wani ƙaton dutse da aka shafe da farar ƙasa. Bayan awa biyar ko shida akan isa masaukin mahaya, wanda ke kan tsawon mita 3,200. Amma a farkon bazara sau da yawa alfadari ba ya kaiwa can. Inda ƙanƙara ta fara, nan yake tsayawa, sai 'yan dako su karɓi kayan. Dabbar da aka haifa a dutsen ta san iyakarta, saura ɗan Adam.

Abin da ya sa hawan bazara ke da hatsari shi ne, dusar nan fuska biyu gare ta a yini guda. Da asuba takan daskare ta yi tauri kamar daɓe, ga santsi. Wanda bai ɗaura ƙarafa masu haƙora a tafin takalminsa ba, bai kuma riƙe ɗan gatarin nan mai kama da diga ba, in ƙafarsa ta zame babu abin da zai tare shi sai duwatsun ƙasa. Da rana ta take kuma sai ta yi laushi, kowane taku mutum ya burma har gwiwa ko fiye, tafiyar awa ɗaya ta koma ta awa biyu. A lokacin ne kuma ƙanƙarar da ta jiƙe kan zaftaro daga gangare ta binne abin da ta tarar. Wani wurin ma rafi yana gudu a ƙarƙashi, ya cinye dusar ta ciki, a sama kuwa sumul kamar hanya.

Don haka ne mahaya ke yin sammako. Sukan bar masauki tun da duhu da fitilu a goshi, su kai ƙoli cikin awa uku ko huɗu, su taɓa dalar ƙarfen da aka kafa a can, su juyo kafin rana ta ɓata hanya. Ga kuma ƙarancin iska da ke kawo ciwon kai da jiri, ga hasken rana da ke dawowa daga farar ƙanƙara yana ƙona ido, sai da baƙin tabarau.

Tun bayan kisan wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido, ɗaya daga Denmark ɗaya daga Norway, a kusa da Imlil cikin Disamba 2018, hukuma ta wajabta wa kowane baƙo ɗaukar ɗan jagora. An yi dokar ne saboda tsaro, amma ta yi rana ta wani wajen, gama da ɗan gari akan ci gari. Barbarawan wannan kwari sun san gangaren da ke zaftarewa da wanda ke riƙewa. In jagora ya dubi sama ya ce a koma, ko da ƙoli na gaban ido, to, a koma. Dutsen ba ya zuwa ko'ina, yana nan har watan Yuli, lokacin da hanya ke bushewa. Rai kuwa guda ne. Allah Ya kai matafiya gida lafiya, amin.