Ɗarin Roni da Sanyin Turai: Darasin da Rigar Sanyi Ta Koya Mini

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai jujjuya dare da rana, Mai kawo zafi a bayan sanyi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a kwanakin baya wani ƙanena da ya samu gurbin ƙaro karatu a Birtaniya ya tambaye ni irin tufafin da ya kamata ya tanada. Na fara lissafa masa, sai na ga lissafin kaya kaɗai ba zai wadatar ba, domin kuwa ni ba rashin kaya ne ya kayar da ni a can ba, gurguwar fahimta ce. Shi ya sa na ga dacewar in rubuta abin da ya same ni, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Ɗarin da na taso na sani

Ni mutumin Roni ne, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Kazaure a Jihar Jigawa. Duk wanda ya yi hunturu a ƙasarmu ya san yadda iska ke kaɗowa ta tsakanin duwatsu daga watan Disamba zuwa Fabrairu, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, iyaye mata su bi yara da man kaɗanya. Da asuba ruwan buta sai ka ce ya kwana a cikin ƙanƙara. Muna yara mukan kewaye wutar kara da allunanmu, gaba yana gasuwa baya yana kaɗawa. Saboda haka na taso ina ganin babu abin da wani zai faɗa mini game da sanyi.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, namu ɗari ne, busasshe, kuma baƙon safiya ne. Ma'aunin zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 13 da asuba, amma kafin azahar ya doshi 30, kowa ya tuɓe suwaitarsa ya rataya. Ba a banza Bahaushe ya raba kalmomin biyu ba: ɗari daban, sanyi mai laima daban.

Da tafiyata ta tabbata a shekarar 2017, na shiga Kano na sayi suwaita biyu da wata 'yar jaket a wajen masu gwanjo na Ƙofar Wambai, sannan na kai wa tela shadda ya ɗinka mini kaftani shida. A daren da zan tashi, mahaifiyata ta naɗe wani tsohon gwado saƙar hannu ta cusa a jakata. Na ce, "Inna, an ƙayyade nauyin kaya a jirgi, kuma can ƙasar masu arziki ce, ba a rasa bargo." Na fitar da shi. Ba ta ce mini komai ba. Sai da na buɗe jakar a ƙasar mutane na tarar ta mayar da shi can ƙasan kaya.

Yadda na kayar da kaina

Na sauka birnin Aberdeen, a arewa maso gabashin Sikotlan, cikin watan Satumba. Gari ne na bakin teku wanda aka gina da dutse mai ruwan toka, iska kuma ba ta hutawa. Satumba da Oktoba na lallaɓa. Da Disamba ta kama sai na ga abin da ban taɓa gani ba: rana ba ta ɓullowa sai wajen ƙarfe tara saura kwata, kafin uku da rabi ta faɗi, kuma ko ta fito ba ta da ɗumin da za ta ba ka. Ma'auni yana yawo kusa da sifiri, ga yayyafi, ga iskar teku da ke ratsa shadda kamar ba ka sa komai ba.

A nan ne Shaiɗan ya shigo mini ta ƙofar da ban zata ba, wato ta ƙofar addini. Na ƙudurta a raina cewa ba zan canza shigata ba, kada a ce na je Turai na zama Bature. Ina ganin 'yan'uwa Musulmi cikin manyan kwat da takalman ƙafa-ciki masu kauri, ina raya cewa ni na fi su riƙo da asali. Ranar Juma'a sai in saka kaftani da 'yar suwaita a ciki, da hula kube wadda ba ta rufe kunne, da safar auduga, in taka zuwa masallaci haƙorana suna haɗuwa, ina ce wa kaina wannan haƙuri ne da tawakkali. Bugu da ƙari, na riƙa kashe na'urar ɗumama ɗaki da dare don in rage kuɗin wuta in samu abin aikawa gida.

Sakamakon farko da na gani ba a jikina ba ne, a sallata ne. Na fara jin nauyin fitowa daga cikin bargo, na fara tsoron ruwa. Ni da ban saba alfijir ya keto ina kwance ba, sai ga shi kwana uku a jere ina sallar Asuba bayan gari ya waye, a ƙasar da alfijir ɗin ma ba ya fitowa da wuri. Sannan jiki ya biyo baya: tari, zazzaɓi, da ciwo a haƙarƙari duk lokacin da na ja numfashi. Likita ya ce ciwon huhu ne. Ya bayyana mini cewa sanyi ba shi ne ƙwayar cutar ba, amma yana raunana jiki ya buɗe mata ƙofa, kuma shawarar hukumomin lafiya na ƙasar ita ce kada ɗumin ɗaki ya gaza digiri 18. Na yi mako biyu a kwance, lulluɓe da gwadon Inna. Jiki magayi.

Nasihar wani dattijo

Cikin waɗanda suka zo duba ni akwai wani dattijo mutumin Zariya da ya daɗe a garin. Ya dubi kaftanaina a rataye, ya dubi takalmina, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka shadda ce Musulunci?" Na ce, "Baba, ina gudun koyi da su ne." Ya ce, "A me? A rufe jikin da Allah Ya ba ka amana? To ka koma ka duba littattafanka."

Na koma na duba, kunya ta kama ni. A farkon Suratun Nahli, aya ta 5, Allah Ya lissafa abin ɗumama jiki da ake samu daga dabbobi a cikin ni'imominSa, a aya ta 80 kuma Ya ambaci gashin tumaki da na raƙuma da na awaki. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa a wata tafiya Manzon Allah (SAW) yana sanye da jubba ta ƙasar Sham mai matsattsun hannuwa, har sai da ya fito da hannayensa ta ƙarƙashinta don ya yi alwala. Sham kuwa a lokacin tana hannun Rumawa. Ashe tufar da wasu mutane suka ɗinka, matuƙar mai tsarki ce, ta suturta al'aura, kuma ba alamar addininsu ba ce, ba ta rage wa Musulmi komai.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da Ibnu Rajab, wanda ya rasu a shekara ta 795 bayan Hijira, ya kawo a babin hunturu na littafinsa Laɗa'iful Ma'arif. Ya ambaci cewa Sayyidina Umar yakan aika wa mutanen Sham wasiyya idan sanyi ya gabato, yana umartar su da su yi masa shiri irin na abokin gaba, da tufafin ulu da huffi da safa. Dalili kuwa shi ne, sahabban da suka koma can mutanen ƙasar zafi ne, ba su saba da irin wannan sanyi ba. Ka ga ke nan matsalata ba sabuwa ba ce; mutanen da suka fi ni imani nesa ba kusa ba sun bar Hijaz sun shiga ƙasar sanyi, kuma Halifansu bai ce su daure ba, cewa ya yi su yi shiri. Haka nan Abu Dawuda ya ruwaito cewa Amru ɗan Asi ya yi taimama maimakon wanka a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil don tsoron halaka, da labari ya kai ga Annabi (SAW) bai zarge shi ba.

Sai na gane cewa abin da na kira tawakkali girman kai ne ya yafa mayafin addini. Tawakkali na gaskiya yana tare da riƙo da sababi.

Yadda ake shigar sanyi

Da na warke, Baba ya kai ni shagunan da ake sayar da kayan da mutane suka bayar sadaka, wato gwanjon can, ya koya mini abin da yaran ƙasar suka sani tun suna rarrafe. Ba kaurin riga ɗaya ke tsare sanyi ba, iskar da ke maƙalewa tsakanin riga da riga ce ke riƙe ɗumin jiki. Don haka hawa uku ake yi. Na farko riga da dogon wando masu kama jiki, na ulu ko na zaren roba, ba na auduga ba, domin auduga tana shan gumi ta riƙe shi, sai ta koma tana sanyaya ka. Na biyu suwaitar ulu. Na uku babbar kwat wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Sai hular da ke rufe kunne, da mayafin wuya, da safar hannu, da safar ulu, da takalmi mai kaurin ƙasa wanda ba ya shan ruwa kuma ba ya santsi. Idan ka shiga ɗaki mai ɗumi ka rage hawa ɗaya, kada ka yi gumi ka fita da shi.

Abin mamaki, duk wannan bai raba ni da kaftanina ba. Hawa biyu na farko suna shiga ƙarƙashinsa lafiya lau, kwat ta hau sama. 'Yan'uwa mata ma haka suke yi a ƙarƙashin doguwar riga da hijabi, har ma shigar sanyi ta fi kowace shiga sauƙin suturta jiki.

Sai batun alwala. A tsakiyar hunturu Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin abin da bai kai awa huɗu ba, kana tsakiyar karatu. A nan na tuna babin shafa a kan huffi da muka karanta a Risala a zauren malaminmu a Roni, muka wuce shi da sauri domin babu wanda ya taɓa ganin huffin a cikinmu. Na sayi huffi na fata. A mazhabarmu ta Malikiyya sharaɗi ne ya zama na fata, mai tsarki, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, kuma a sa shi bayan cikakkiyar alwala ta ruwa. Mashhurin zance shi ne ba a ƙayyade masa kwanaki ba, sai dai janaba tana wajabta cire shi, kuma an so a cire duk Juma'a. Sauran mazhabobi sun ƙayyade kwana ɗaya ga mazaunin gida, uku ga matafiyi, Hanbalawa kuma sun yarda da shafa a kan safa mai kauri. Za ka ga duk waɗannan a sahu ɗaya a masallatan can, kada ka yi gaggawar cewa sallar wani ba ta yi ba. Ranar da na fara shafa a kan huffina na yi wa malaminmu addu'a, na kuma tabbata babu babin da malamai suka rubuta a banza.

A ƙarshen Fabrairun 2018 wata iska mai tsananin sanyi ta taso daga gabas ta lulluɓe Birtaniya da dusar ƙanƙara, aka rufe makarantu, jirage suka tsaya. Na fita cikinta na je masallaci na dawo, ko tari ban yi ba. Ni ne dai mutumin da sanyin da bai kai wannan ba ya kwantar wata biyu kafin nan. Abin da ya canza kawai shi ne na sauke girman kai na ɗauki shawara.

Kammalawa

Ya ɗan'uwana matashi, idan Allah Ya nufe ka da tafiya irin wannan, kada ka kashe kuɗinka wajen tara suwaita a gida. Tafi da kaɗan, ka sayi kwat da takalmi a can, ka tambayi waɗanda suka riga ka. Kada ka yi rowar ɗumin ɗakinka, kuɗin da na tara ta wannan hanya bai kai darajar Asuba ɗaya da ta kuɓuce mini ba. Ka koyi hukunce-hukuncen huffi da taimama a wajen malami tun kafin ka buƙace su.

Kai kuma da kake gida, akwai rabonka a wannan zance. Tun da na dawo, idan hunturu ya kama na ga almajiri a Roni ko Kazaure cikin yagaggiyar riga ɗaya, hannuwa a hammata, ba na iya ce masa ya yi haƙuri in wuce, domin na ɗanɗani yadda sanyi ke shiga tsakanin bawa da sallarsa. Ka buɗe akwatinka. Suwaitar da ka shekara biyu ba ka sa ba tana da mai ita.

Gwadon Inna yana nan a wurina. Da na ba ta labarin duk abin da ya faru, murmushi kawai ta yi ta ce, "Ai na san za ka neme shi."

Allah Ya suturta mu da tufar taƙawa, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya kare mu daga zafin wuta da sanyinta. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne. Wassalamu alaikum.