Barka da shan ruwa a watan Sha'aban

A Magaria da Dungas, kwanan wata irin na Faransa muke rubutawa: rana, wata, shekara. Haka nake sa wa muryoyin da nake naɗa don nazarin gaishe-gaishe. Matplotlib kuwa, kafin ya yi zane, sai ya mayar da kwanan wata lamba, yana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu 1970. To, ka ba datestr2num "03/04/2023", sai ya karanta irin na Amurka: 4 ga Maris, wato 19420 maimakon 19450. Kwana talatin cur! Tsohuwar da ta ce min "barka da shan ruwa" cikin azumi, a zanen ta koma Sha'aban. "Afrilu" kuma bai san kalmar ba sam. Ni dai yanzu 2023-04-03 nake rubuta masa.