Furen da na ɗauka ya mutu

A watan Agusta na isa jihar Michigan ta Amurka don karatu. A bayan gidan da na kama haya akwai ɗan lambu cike da wani fure rawaya, wai shi koriyofsis. Tsohuwar mai gidan ta zuba mini irinsa a tafin hannu: ƙanana, masu duhu, sak kuɗin cizo. Ashe daga sunan wannan ƙwaro aka samo nasa, da harshen Girka.

Da Nuwamba ta kama, lambun ya bushe ƙarmas. Ni da na saba share gona bayan girbi, sai na ɗauko shebur zan tumɓuke shi, wai in burge ta. Allah ya sa ta leƙo ta taga!

"Tsaya, yarona! Saiwar tana da rai."

Ta sa na rage karan kawai. Da ƙasa ta daskare muka lulluɓe gindin da busasshen ganye. Ta ce ya fi jure sanyi a kan ruwan da ke kwanciya a gindinsa, don shi ke ruɓar da saiwa.

Wata da watanni ƙanƙara ta rufe wurin, ni kuwa a raina ban yarda zai tashi ba. A Afrilu sai ga tofo kore shar. Muka haƙo gindi ɗaya muka tsaga shi gida huɗu, kowanne da saiwarsa, abin da take yi duk shekara uku. Ta bar mini ɗaya na dasa a gindin tagata.