GOA: Bakin tekun da finafinan Indiya suka yi wa talla

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinan Indiya ya san Goa, ko da bai san sunanta ba. Ita ce wurin nan da ake nuno jarumi da jaruma suna tsere a kan rairayi, bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo, rana tana shirin faɗawa cikin ruwa. Da zarar darakta ya so ya nuna samari sun gaji da hayaniyar Mumbai, to can zai kwashe su ya kai. Shi ya sa ma'abota kallo da yawa ke da burin ranar da Allah ya hore masu su je su taka rairayin nan da ƙafarsu. Wurin dai akwai shi, ba siddabarun kyamara ba ne. Sai dai fa waƙar fim minti biyar ce, shi kuwa mai zuwa hutun mako guda yana bukatar sanin abin da darakta bai nuna ba.

Ina ne Goa?

Jiha ce a yammacin Indiya, a gaɓar Tekun Arabiya, kudu da Mumbai. Ita ce mafi ƙanƙanta a jihohin ƙasar, murabba'in kilomita 3,702 kacal, wato Jihar Kano ta ninka ta fiye da sau biyar. Babban birninta Panaji. Daga Mumbai tafiyar kamar awa guda ce a jirgin sama, mai son ganin ƙauyuka kuma sai ya bi jirgin ƙasa ya sauka a tashar Madgaon.

Turawan Fotugal ne suka ci Goa da yaƙi a 1510, suka zauna har shekara 451. Ko da Indiya ta samu 'yancin kai a 1947 ba su tashi ba, sai a Disambar 1961 sojojin Indiya suka fitar da su, sannan ta zama cikakkiyar jiha a 1987. Wannan ne dalilin fararen coci-cocin da ake gani a fim, da sunaye irin su Fernandes da D'Souza. Wanda ya kalli Josh (2000), inda Sharukh Khan da Aishwarya Rai suka fito a matsayin tagwaye, ya ga irin wannan rayuwa, domin a garin Vasco na Goa aka gina labarin. Haka ma Kabhi Haan Kabhi Naa (1994).

Lokeshin ɗin da suka yi suna

Na farko ita ce ganuwar Chapora, tsohon sansanin yaƙi a kan tudu, yana kallon bakin ruwan Vagator. Nan ne Amir Khan da Saif Ali Khan da Akshaye Khanna suka zauna a kan katanga suna kallon teku a Dil Chahta Hai (2001), fim ɗin Farhan Akhtar na farko. Tun daga nan matasan Indiya suka laƙaba wa ganuwar sunan fim ɗin. Da yamma za a iske abokai uku-uku suna jiran layi su zauna a ɗauke su hoto. Gini kam ba wani abin a zo a gani ya rage ba, sai jan dutse da ciyawa. Abin da ya kai mutane shi ne faɗuwar rana, tunda gaɓar yamma take kallo.

Sai Dona Paula, kusa da Panaji, wurin da Ek Duuje Ke Liye (1981) na Kamal Haasan da Rati Agnihotri ya fito da shi, fim ɗin da ƙarshensa ya sa iyaye da yawa hawaye. Masoya Ajay Devgan kuma sun ga wurin a Singham (2011). Akwai kuma titin ƙauyen Parra mai layin kwakwa dama da hagu, inda Alia Bhatt da Sharukh Khan suka tuƙa keke a Dear Zindagi (2016).

Bakin ruwan kansa kashi biyu ne. Arewa, wato Calangute da Baga da Anjuna, nan ne cunkoso yake: kiɗa, rumfunan abinci, masu talla, da kasuwar Anjuna mai ci ran Laraba. Kudu kuwa, irin su Benaulim da Agonda da Palolem, shiru ne, sai masunta da kwale-kwalensu. Ango da amarya ko mai iyali, kudu ta fi dacewa da su. Abin hawa ba matsala, har 'yan acaɓa akwai, masu rajista, ana ce masu "pilot".

Abin da kyamara ba ta nunawa

Na ɗaya, lokaci. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, kuma ba irin ta Kano ba. Ruwa kan wuni ya kwana yana zuba, teku ya haukace, a kwashe rumfunan bakin ruwa, a hana shiga wanka. Wanda ya tara kuɗinsa ya je a watan Yuli, to a tagar otal zai ƙare hutunsa. Lokacin zuwa shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Amma makon Kirsimeti da sabuwar shekara kuɗin ɗaki kan yi tashin gwauron zabo. Ga mai son fim, ƙarshen Nuwamba ya fi, domin a lokacin ake bikin baje kolin finafinai na duniya na Indiya, IFFI, wanda aka fara a 1952, ya kuma tare a Goa tun 2004.

Na biyu, shi kansa tekun. Wanda ya koyi iyo a kududdufi ko dam kada ya ɗauka ya iya teku. Igiyar ruwa in ta bugi gaɓa, sai ruwan ya nemi hanyar komawa, ya taru a wani siririn wuri yana gudu zuwa ciki da ƙarfin gaske. Abin mamaki, wurin yakan fi ko'ina kwanciya a ido, shi ya sa baƙo ke zaɓensa. In ya ja mutum, kokawa da shi gajiya ce kawai. Dabarar ita ce a yi iyo ta gefe, a bi tsawon gaɓa har a fita daga cikinsa. Akwai masu ceto a manyan wuraren wanka, kuma tutarsu magana ce: ja zalla na nufin kada a shiga, tsakanin tutoci masu ja da rawaya nan ne aka yarda a yi wanka.

Na uku, ci da sha. Goa ta yi suna wajen giya, har da tata ta gargajiya, feni, wadda ake yi da 'ya'yan yazawa ko ruwan bishiyar kwakwa. Ga gidajen caca a cikin jiragen ruwa a kogin Mandovi. Shahararrun girke-girkensu irin su vindaloo da sorpotel kuwa asali da naman alade ake yi, saboda haka a tambaya kafin a sa hannu. Shinkafa da miyar kifi mai kwakwa ita ce tuwon gari, kuma ita ce mafi kwanciyar hankali. Musulmi sun kai kamar kashi 8 cikin 100 a ƙidayar 2011, akwai masallatai a Panaji da Margao da Vasco, ga kuma masallacin Safa a Ponda, wanda aka gina wajen 1560 a zamanin sarakunan Adil Shah.

Na huɗu, takardu, musamman ga mai koren fasfo. A ƙarshen Oktoban 2013 an tsinci gawar wani ɗan Nijeriya a Parra, ƙauyen nan dai mai titin kwakwa. 'Yan Nijeriya suka fusata suka tare babbar hanya, aka kama da dama, magana ta kai ga hukumomin ƙasashen biyu, aka kuma shiga farautar waɗanda bizarsu ta ƙare. Saboda haka baƙo ya riƙe kwafen fasfo da biza a aljihu, kada ya ƙara ko kwana ɗaya kan wa'adinsa, kuma kada ya karɓi saƙon kowa ya riƙe masa. Dokar miyagun ƙwayoyi ta Indiya ta 1985 ba ta wasa: wanda aka kama da kaya mai yawa, ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ne.

Ko wannan zai hana zuwa? Ina! Wanda ya zaɓi watansa, ya girmama tutar masu ceto, ya tsare bakinsa da takardunsa, zai ga Goa da ta fi ta cikin kaset: masunta na jawo koma da asuba, ƙamshin kifi a kan garwashi, da ranar nan da ke nutsewa a teku ba tare da darakta ya ce "kot" ba. Sai dai a tuna, a kan katangar Chapora ba kiɗan da zai tashi daga sama, kuma ba 'yan rawa hamsin da za su ɓullo daga bayan dutse. Wanda ke son waƙa ya tafi da abarsa a waya. Allah ya ba mai rabo sa'a.