Reko Diq, Gindin Dutsen da Ya Mutu

Titin da ya tashi daga Kwetta zuwa Taftan, bakin iyakar Iran, yana ratsa Nushki da Dalbandin kafin ya kai Nok Kundi. Tun daga Dalbandin itatuwa suka ɗauke mana, sai baƙin tsakuwa da tuddan rairayi, ga tsohon layin dogon da Turawan Ingila suka shimfiɗa yana rakiyar mota. Daga Nok Kundi muka karkata arewa maso yamma, cikin gundumar Chagai ta Balochistan a Pakistan, har Reko Diq.

Wanda ya zo da tsammanin ganin zinariya tana walƙiya zai koma da takaici. 'Yan tuddai ne ja-ja-ja, iska na kaɗa ƙura a kansu dare da rana. Sai da wani masanin duwatsu ya miƙo mini guntun dutsen da aka zaƙulo da injin haƙa, dogo mulmulalle, ya zuba masa ruwa, sannan idona ya buɗe. Fararen jijiyoyi sun sarƙe shi ta ko'ina kamar saƙar gizo-gizo, a cikinsu ga ɗige-ɗige rawaya da shuɗi-shuɗi. Wannan ne tamar jan ƙarfe, zinariyar kuma tana maƙale a jikinta, ido ba ya ganinta.

Asalin abin daga teku yake. A gabar Makran, can kudu, ƙasan teku yana nutsewa a hankali ƙarƙashin doron Asiya. Idan ya yi zurfi sai ya saki ruwan da ke jikinsa, duwatsun da ke samansa su narke, narkakken ya taso. Wani ya fashe ya yi aman wuta, kamar Koh-i-Sultan da ke nan kusa, mai farar wuta. Wani kuma ya tsaya a ƙasa ya daskare, ruwan zafi mai gishiri ya tsattsage shi, ya bi tsagogin yana ajiye ƙarfe. A Reko Diq hakan ya faru fiye da shekara miliyan 10 da suka wuce. Daga nan iska da ambaliya suka yi ta cin kan dutsen har suka bar gindinsa kusa da tafin ƙafa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ma'aikatan ke karanta launi. Dutse mai kore-kore, an san gefe ake. Mai fari-fari da ya ruɓe, an matso. Mai ruwan hoda da baƙin ƙyalli, an iso tsakiya, inda arzikin yake. Da wannan karatu, da ramukan gwaji ɗaruruwa, aka kai ga ƙiyasin tan biliyan 5.9 na dutse mai tama. Amma fa jan ƙarfen da ke cikin kowane tan wajen kilo 4 ne kawai, zinariya kuwa ba ta kai rubu'in giram ba. Sai an niƙe kusan tan 5 kafin a ga giram ɗaya. Mai kwano da tsinken haƙa ba shi da abin yi a nan.

Aikin sai manyan kamfanoni, rigimarsu da gwamnati kuma ita ta sa wurin ya daɗe a hannun lauyoyi. Kamfanin BHP ya ƙulla yarjejeniyar bincike a 1993, aka hana magadansa lasisin haƙa a 2011, kotun sasanci ta Bankin Duniya ta ci Pakistan tarar kusan dala biliyan 6 a 2019. A 2022 aka daidaita: rabi na kamfanin Barrick, rubu'i na kamfanonin gwamnatin tarayya, rubu'i na Balochistan.

Balochawan da suka shayar da mu shayi a Nok Kundi, masu faffaɗan wando da karamci mai sa baƙo jin kunya, ba ruwansu da shekarun dutse. Zancensu ruwan sha ne, da aikin yi ga yaransu, da iskar gas ta Sui da aka gano a lardinsu a 1952, wadda ta kai murhun Karachi da Lahore tun kafin ta iso Kwetta.