Ciwon Bayan Maigida: Abin Da Na Gane A Makare

Ko kin taɓa lura da yadda maigidanki yake tasowa daga sujada? Ni dai ban lura ba, sai da abu ya yi nisa.

Maigidana ya yi shekara 11 yana dako a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas. Buhun shinkafa ko na sukari kilo 50 ne. Haka zai sunkuya ya cicciɓa, ya murɗa ƙugu ya jefa a mota, tun safe har la'asar. Iya abin da mutum ya ɗauka iya kuɗinsa, don haka hutu a wurinsu asara ne.

Idan ya dawo yakan ce, "Maman yara, gajiya ce kawai." Sai in gasa masa bayan da ruwan zafi, ya haɗiyi ƙwayar kemis ya kwanta. Allah ya yafe mini, a lokacin ne ma nake kawo masa zancen ankon biki.

Ranar da ya kasa miƙewa daga kan sallaya da asuba muka tafi asibiti. Likita ya ce tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai faya-fayai masu laushi kamar matashi. Yawan sunkuyo da murɗa jiki da kaya yana sa ɗayansu ya bulluƙo ya danne jijiyar da ta sauka ƙafa, shi ya sa zafin ke tsarga masa har dunduniya. Ya ƙara da cewa ƙwayoyi irin su diclofenac da ibuprofen zafi kawai suke kwantarwa, kuma yawan shansu na jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Tiramadol kuwa, jiki yakan saba da ita har a kasa bari.

'Yar'uwa, namiji zai ɓoye ciwo saboda tukunyarki, amma ke ce ta farko da za ki gani. Idan ciwon baya, kafaɗa ko gwiwa ya ɗauki makonni, ki lallashe shi ya ga likita. Idan ƙafa ta yi sanyi ba ƙarfi, ko fitsari ya riƙa kufce masa, ranar za ku tafi, kada a kwana. Ki tuna masa ya lanƙwasa gwiwa wajen ɗagawa, ya manna kayan da jikinsa, ya juya da ƙafa ba da ƙugu ba. Ya kuma tambayi ƙungiyarsu haƙƙinsa, domin tun 2010 akwai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da aiki ya nakasa a Najeriya.

Yanzu maigidana tireda yake yi a ƙofar gida, a zaune yake salla idan ciwon ya motsa. Ni ma na rage buƙatu, na kama sana'ar ƙuli-ƙuli. Da na yi haka tun farko, wataƙila da bai kai ga haka ba.

Allah ya ƙara wa mazajenmu lafiya, ya sa albarka a guminsu, amin.